Laulayin Ɗiyata ta Fari

Shekarun baya, lokacin da nake ta kokawa da alli a ajin yaƙi da jahilci, ina rubuta baƙi ɗaya kamar mai sassaƙa turmi, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki. Wata baiwar Allah ce ta tuno min da shi, da ta tambaye ni a wannan shafin maganin laulayi na gida, wai tunda ni tsohuwa ce ba zan rasa ba. To ɗiyar nan, gyara zama ki ji inda sanin tsohuwar ya kai ta.

Ni mutuniyar Argungu ce, sana'ata bandar kifi. Tun ina budurwa nake gaban murhu, tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Kuma duk kasuwa an san bakina. In kifinka ya kwana zan gaya maka ya kwana, ko da rawani a kanka. Mutum ɗaya ce tak a duniya da harshena ke mutuwa a gabanta, ɗiyata ta fari.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A wurinmu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a ma nuna an san da zamansa. Ana yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita. Ni "waccan" nake ce mata. In ta durƙusa ta gaishe ni, sai in amsa ina kallon kaji. Haka muka rayu, kuma ban taɓa jin wani abu ya ɓace min ba.

An kai ta Birnin Kebbi, unguwar Badariya, mijinta yana aiki a injin shinkafa. Shekaru suka yi ta wucewa shiru. Sau ɗaya aka samu, ya zube tun bai yi ƙwari ba. A tsakanin nan uwar mijina ta rasu. Sai ran nan ƙanwata ta same ni ina juya kifi ta ce, "Yaya, waccan ta Birni ba ta da lahiya."

Na ce, "Mi as same ta?"

Ta ce, "Irin rashin lahiyar da muke roƙo. Amma hwa abin ya yi yawa. Ko ruwa ba ya zama. Har an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce in ta ci gaba a haka cikin ba zai tsaya ba."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da juya kifina kamar labarin wata aka ba ni. Amma kifin ranar duk ƙonewa ya yi.

Wadda ya kamata ta je, uwar mijina, tana ƙasa. Ƙanwata tana da jariri a hannu. Saura ni. To amma da wane ido zan shiga mota a ce ga wance can ta tafi jinyar ɗiyar fari? Sai na yi dabara. Na cika kwando da bandar tarwaɗa, na ɗaure, na shaida wa kowa cewa kasuwar Birni za ni, an ce kifi na tsada a can. In na biya ta Badariya kuma, ai hanya ce ta bi da ni. A ƙasan jakata kuwa ɗanyar citta ce, da lemun tsami, da tsamiya, da kanumfari, da na'a-na'a, duk abin da na taɓa jin an ba mai laulayi.

Gidan haya ne, ɗaki ciki da falo, tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Na yi sallama, na aje kwandona a falo, na leƙa. Wallahi da kyar na gane ta. Ta zama kamar kara, leɓe ya bushe, ga gwangwanin tofar da yawu a gefe. Ta yunƙura za ta durƙusa min, ai kuwa kafin ta ƙarasa "ina wuni" amai ya ƙwace mata. Ba komai a cikin sai ruwa mai ɗaci. Na tsaya ina kallon bango ina cewa, "Sannunku. Sannunku dai."

Surukina kuwa, yana jin na zo ya cire takalmi tun daga bakin ƙofar gida, ya tsuguna can nesa ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya kwashi 'yan kayansa ya koma kwana shagon abokinsa. Ka ji gida: miji na gudun suruka, uwa na kunyar ɗiya, ɗiya na kunyar uwa, ga ciki na neman zubewa, kuma ba wanda ya isa ya furta kalmar ciki.

Na fara da citta. Na daka, na tafasa, na matsa lemun tsami, na tace. Na shiga da kofi na aje kusa da katifa, na ce wa labule, "Ga wani abu nan, in akwai mai sha." Ita kuma ta ce wa matashin kai, "An gode." Ta kurɓa sau biyu, ya dawo. Na ce to, citta ta yi zafi. Na dama kunun tsamiya, tsinkakke. Ya dawo. Na ba da kanumfari a tsotsa. Ya dawo, har da abin da ba a ci ba. Na jiƙa na'a-na'a, na gasa masara, na nemo yalo mai ɗaci. Abin da ya fi ɗaure min kai, wani lokacin ma ba sai ta sha ba, ina ɗaga labule da kofi a hannuna zuciyarta za ta tashi.

Kifin dai na sayar da shi cikin kwanakin farko, tunda na riga na ce kasuwa na zo. Kwandon ma na bar wa wata a can. Ban ga wani sauyi ba.

A ɗakin da ke kallon nasu akwai wata mata 'yar Filato, Kirista, tela ce, ana ce mata Maman 'yan biyu. Mijinta yana aiki a Yauri, sai ƙarshen wata yake zuwa. Mace ce mai fara'a, kullum kekenta na ƙara tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Wata rana na dawo daga cefane sai ta tare ni da murna ta ce, "Mama, yau ta sha ruwan citta rabin kofi, kuma ya zauna!"

Na ce, "Wace citta?"

Ta ce, "Na dafa mata bayan kin fita."

Na yi hamdala. Na ce ta kawo sauran in ɗanɗana. Citta ce da lemun tsami, ba ƙari ba ragi. Tawa ma ta fi tata kyau, don tata ta fara yaushi. Na ce, "Ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah ki gaya min mi kika sa ciki."

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ruwan famfo ne da citta. Ko addu'a ban yi a kai ba."

Ban yarda ba. Washegari na ce ta zauna ta sa min ido. A tukunyarta na dafa, da cittarta, a kan rishonta, a kofinta na zuba. Na kai. Amai. Aka jima, ina can bakin famfo ina wanke-wanke ina huci, ta ɗauki sauran da ke tukunyar, wanda ni na dafa da hannuna, ta kai mata. Ya zauna.

Jama'a, ku gaya min, wa zai ga wannan hankalinsa ya tsaya wuri ɗaya? Tukunya ɗaya, citta ɗaya, ciki ɗaya. In ni na miƙa guba, in ita ta miƙa magani.

Na fara lissafin mutanen da na taɓa wankewa a kasuwa, na ga ba su lissafuwa. Na ce ko wata ce ta yi min asiri a hannu. Na duba tafin hannuna, hannu dai kamar na kowa. Na ce ko ido ne, na daina kallon ko gefen da take, wanda dama ba kallonta nake ba. Na ce ko ƙafar da nake shiga da ita ce, na koma shiga da dama ina bisimilla. Duk a banza. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wani tunani da ban gaya wa kowa ba: ko dai yarinyar nan ba ta ƙaunata ne? Ko ta riƙe ni a rai tun ranar da aka ɗauke ta ban ce uffan ba, yanzu jikinta ke faɗin abin da bakinta ya kasa? Wannan tunanin ya fi hana ni cin abinci.

Na kira ƙanwata a waya, ta ce, "Yaya, wanga abu ba na citta ba ne. A nemi malam." Na je aka yi rubutu, aka haɗa min da turaren hayaƙi, aka ce a rufe ƙofa da taga a turara ɗakin. Na zuba garwashi a kasko, na shiga, na rufe ko'ina ruf, na zauna ni da ita da hayaƙi. Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. A Keke Napep aka kwashe ta sai asibiti, kanta a kan cinyar Maman 'yan biyu, ni ina gaba kusa da direba da kaskon turare a raina ina tambayar kaina mi na yi kuma.

Aka sa mata ruwa, aka yi allurar tsayar da amai. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce mutum ɗaya zai zauna da ita, sai na tura maƙwabciyar, ni na shimfiɗa ɗankwalina a baranda. Likita ya fito ya gaya wa surukina, ni kuma ina ji ta gefe, cewa cikin na nan da ransa, amma jikinta ya yi rauni ƙwarai, dole abinci ya fara zama. Kuma a asibitin sai ga ta tana shan shayi, har da biskit. Na ce to, ga ta nan kuma. Ashe har asibiti ya fi ni hannu.

Da la'asar Maman 'yan biyu ta fito ta zauna kusa da ni. Ta yi ta murza bakin zaninta. Can ta ce, "Mama, zan faɗi magana, amma ki yi min alkawari ba za ki zage ni ba."

Na ce, "Ban yin alkawarin da ban iya cikawa. Hwaɗi."

Ta ce, "Warin kifi kike."

Na ce, "Wa?"

"Ke, Mama. Jikinki, da kayanki, da gashinki. Ni ba ya damuna, har yunwa yake sa ni. Amma ita tana jin shi tun kina tsakar gida. Ta ce da kin ɗaga labule kamar an tura mata hayaƙin banda a maƙogwaro."

Na shinshina hannuna. Na shinshina mayafina. Ban ji komai ba sai sabulu. Na ce, "Ke, ni kullum sai na yi wanka! Kuma rabona da murhun banda tun barina Argungu. Kihin ma ai na sayar!"

Ta ce, "Mama, shekara nawa kina banda?"

Na sake shinshina mayafin. Sannan na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Ni ma yanzu ta gaya min, sai da na matsa mata. Ta ce tun ranar da kika zo ne abin ya ninku. Ta so ta sa ni rantsuwa kada in faɗa. Wai da ta buɗe baki ta ce uwarta na wari, gara ta mutu. Na ce mata ni ban rantse ba, ita ta rantse."

Ban san da wa zan yi faɗa ba. In yi da maƙwabciya, gaskiya ta faɗa. In yi da yarinya, tarbiyyar da muka ba ta ce ta bi, ko ni ce a matsayinta haka zan yi. In yi da surukina, wanda daga baya na ji shi ma ya yi zargin haka tun ranar kwando, to ta wane baki zai gaya wa surukarsa? Sai kawai na ji ina dariya, hawaye na zuba, mutanen baranda na kallona. Dariyar kuwa har da ta sauƙi, don ashe ba ƙina take ba. Kifi take ƙi.

Aka sallamo ta. Ni kuma na ce ba tarwaɗar da za ta kore ni daga Badariya. Na tsefe kaina na wanke da sabulun wanki, na dirje jikina da lemun tsami da toka har fatata ta yi zafi, na kwashe kayana duka na kai bayan gida. Maman 'yan biyu ta ara min riga da zani, irin ɗinkinsu mai kama jiki, na fito kamar mai zuwa bikin Kirsimeti, tana ta dariya tana cewa, "Mama, saura jaka da takalmi mai tsini." Na shiga ɗakin da ƙarfin gwiwa. Yarinya ta daure, ta daure, ina ganin maƙogwaronta na motsi. Sai ta rarumo gwangwani.

Na fito na zauna a bakin famfo na ce shi ke nan, abin ya shiga ƙashi.

A ranar na kwashe tabarmata na koma falon maƙwabciya, surukina ya samu ya dawo ɗakinsa. Ni ke dafawa a can, ita ke kaiwa. Amma sai wata matsalar ta taso: matar nan tana da ɗinkin mutane, ba za ta wuni tana kai saƙo tana dawowa da amsa ba. Ran nan ta ce, "Mama, na gaji da zama waya. Tagar ɗakinta ta baya tana kallon lungu, akwai inuwar dogon yaro, iska kuma can take kaɗawa ba ciki ba. Ki je ki tambaye ta da kanki."

Na ɗauki kujera 'yar tsuguno na zagaya. Na zauna nesa kaɗan da tagar, na ba ta baya, ina kallon katangar wasu. Na yi gyaran murya na ce, "Ana tambaya, mi ake son ci?"

Can na ji 'yar murya ta ce, "Ƙanzo."

"Ƙanzo? Jiƙaƙƙe?"

"A'a, busasshe. Na tuwon shinkahwa. In ci tun ban tashi zaune ba. Kuma kunun tsamiyar nan naki, Inna, yana da daɗi, amma da zahi ne ban iya sha. Tururin ne. In ya huce sarai, ba sukari."

Kun ji. Duk kwanakin nan ina kai mata abu yana tururi, don a sanina mai ciwo abu mai zafi ake ba shi. Ba wanda ya tambaye ta, ita kuma ba ta ce ba. Na ce, "To mi ya hana a hwaɗa?"

Ta ce, "Ba a tambaya ba."

Na tashi na je na ɗora tukunya.

Na tuƙa tuwo don ƙanzonsa kawai, na kankare, na shanya. Na dama kunu na sa a randa ya yi sanyi. Washegari da hantsi ina zaune a lungun, na ji ƙurus-ƙurus ta taga kamar ɓera ya samu masara. Na kasa kunne ina jiran ƙarar gwangwani. Ban ji ba. Aka jima ta ce, "Inna, ya zauna." Na ce wa katanga, "Madalla."

Daga nan kullum ina lungun. Ban san yadda aka yi ba, tunda ba na ganinta ba ta ganina, sai magana ta fara fita. Wata rana ta ce, "Inna, ke ma kin yi haka a cikina?" Ba a taɓa yi min irin wannan tambayar ba. Na ji kamar in tashi in gudu. Amma sai na ji bakina na cewa, "Na hi ki. Ni warin komar kamun kihi ta babanki ne ban so, in ya dawo daga ruwa sai in ɓuya bayan rumbu. Kuma ɗanyar shinkahwa na yi ta ci a ɓoye har haƙorina ya ɓantare." Ta yi dariya har da tari. Ranar na fara sanin yadda dariyar ɗiyata take. Ta ba ni labarin wancan cikin da ya zube, yadda ta yi kuka ita kaɗai. Na ba ta labarin ranar da aka yaye ta, inda na je na yi nawa kukan. Masu wucewa ta lungun sun ɗauka taɓin hankali gare ni, tsohuwa da rigar aro tana hira da katanga.

A hankali ta fara cin tuwo da miyar kuka ba daddawa, ta fara zama, aka je awo aka ce nauyinta na ƙaruwa. Da cikin ya yi ƙwari laulayin ya tafi da kansa kamar ba a yi ba. Na koma Argungu. Ta haihu lafiya, namiji, yanzu har ya shiga makaranta.

To mai tambayar maganin laulayi, kin ji iyakar sanina. Har yau ban san mi ya yi aiki ba: cittar ce, ƙanzon ne, kunun sanyin ne, allurar asibiti ce, fitata daga ɗakin ce, ko lokacinsa ne ya yi. Na ba wasu ƙanzo bayan nan sun ce kamar tsakuwa. Abin da na sani, in ko ruwa ba ya zama, ku bar jiƙe-jiƙe ku tafi asibiti, kuma kada wanda ya rufe mai ciki a ɗaki da hayaƙi. Sannan kafin ki dafa mata komai, ki tambaye ta mi take so, mi ke tayar mata da zuciya. In ta yi shiru ki sake tambaya, wataƙila ke ce.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne bayan haihuwar. Ranar suna na shiga ɗakin, ba laulayi, ba gwangwani, ba abin da zai hana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina wuni." Ni kuma na ji wuyana ya juya da kansa, na ce wa labule, "Barkanku da arziki." Shi ke nan, muka koma yadda muke. Na zaci abin da aka buɗe ya buɗu ke nan, ashe a'a. Na yi karatu, na iya rubuta muku duk wannan, amma har yau ban iya kallon idonta in kira sunanta ba.

Ta sake haihuwa sau biyu bayan nan. Duk lokacin da aka ce min tana da ciki sai in ji ina sauraron waya, ko za a ce abin ya motsa a zo a taimaka. Ko yawu ba ta tofar ba. Na yi wa Allah godiya, don ba uwar da za ta so wa ɗiyarta wannan wahala. Amma Allah ya yafe min, na ɗan ji haushi.